Agogon kwamfutata ne ya ja wa Sista dakatarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina aiki a wani asibitin kuɗi nan Jega, ni ke shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Sakandare kawai na gama, kawuna ne ya roƙa mini aikin. Manhajar asibitin tsohuwa ce, ba ta hawa sabuwar kwamfuta, shi ne wani injiniya daga Aliero ya yi mana wata kwamfuta a cikin kwamfutar, yana ce mata VM, tana da agogonta daban. Ya gargaɗe ni kar in riƙa dakatar da ita, ko in bar ta kunne ko in kashe gaba ɗaya. Ni kuma don tausayin batirin sola, duk sanda zan tafi salla ko cin abinci ko ba mutane, sai in danna dakatarwa in rufe murfi. Ashe in na dakatar agogonta tsayawa yake, in na dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da safe in an kunna sai ya koma daidai, shi ya sa ba wanda ya lura.

Ranar Laraba aka kwantar da wani dattijo daga Karaye. Sista Rifkatu, nas ɗinmu, ta yi mai allura ƙarfe takwas, ta biyu sai ƙarfe biyu. Duk allurar da ta yi faɗa mini take in shigar, kwamfuta ta sa lokaci da kanta. Da la'asar jikinsa ya rikice aka wuce da shi Birnin Kebbi. Likitanmu ya duba kwamfuta, ya ga an rubuta allura ta biyu sha ɗaya da minti arba'in. Ya yi ta faɗa, wai Sista ta yi allurar kafin lokaci ta kusa kashe mutum, ita tana rantsuwa cewa bayan an sauko azahar ta yi, ya ce kwamfuta ba ta ƙarya. A take ya dakatar da ita, 'ya'yan dattijon kuma suna ta zuwa suna nemanta.

Washegari na gwada, na dakatar na tafi salla, na dawo na haɗa da agogon wayata, minti ashirin da biyar babu. Na kira injiniyan a sace, ya ce abin da ke daidaita agogon ciki da na waje ba a sa shi ba, kuma ta cikin ba ta da intanet, sannan ya tambaye ni ko ina dakatarwa. Na ce a'a. Ban san sanda ƙaryar ta fito ba.

Litinin za a zauna a yanke mata hukunci. In na faɗa ƙila ni za a kora, in ja wa kawu kunya, ga tsoron mutanen Karaye. In na yi shiru matar da ke riƙe da marayu uku ta rasa aikinta. Jiya ta kira ni, ta ce ƙanwata ke kaɗai kika ga lokacin da na zo wurinki, ki taya ni tunawa. Na ce mata na manta.

Ban manta ba, da hijabin salla a jikina ta same ni. In fara zuwa wurinta ne, ko likita, ko kawu? Ku faɗa mini ta ina zan fara.