Shanu Sun Cinye Ganyen Da Na Jera A Hanya

Zuwa ga Malam Rabo mai filin shawarwari,

Don girman Allah ka agaza mini da shawara, zama ya gagare ni. Ni direban motar asibiti ne a Dutsin-Ma tun 1957, bana shekara bakwai ke nan. Kullum tare muke fita da Malam Dalhatu, mai ɗaurin rauni.

Watan jiya da hantsi aka ce wata motar fasinja ta kife a hanyar Kurfi, a wata muguwar kwana. Muna isa na yi abin da kowane direba ke yi, na saro ɗanyen ganye na jera a hanya kafin kwanar, don mai tahowa ya gani ya rage gudu. To rani ne, ba itacen da ke da ganye a wurin sai gawo, shi na sara. Ni fa haihuwar ƙauyen Makera ne, Malam, na san gawo makiyaya ke saro wa shanu da rani. Wallahi ban tuna ba.

Ina dawowa na hangi garke yana gangarowa. Zuciyata ta ce in koma, sai Dalhatu ya ƙwala mini kira in riƙe masa wata tsohuwa da jini ke zuba a kanta. Na riƙe. Shanu suka cinye ganyen tas, suka janye rassan gefe. Sai ga motar gyaɗa ta shawo kwana a guje. Ni na fizgi tsohuwar muka faɗa gefen hanya. Dalhatu yana durƙushe kan wani mai karaya, motar ta bi ta kan ƙafarsa. Yanzu yana kwance a Katsina, an ce da wuya ya sake takawa ba sanda.

Kowa direban gyaɗa yake zagi. Ba wanda ya san na ga shanun nan. In na je dubiya Dalhatu ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa kamar in nitse. Makon jiya aka kira mu wani haɗarin wajen Dabawa, na tsaya, na kasa sauka daga mota. Sau uku ina rubuta takardar barin aiki ina yagawa. Matata Talatu ta ce in koma gona in huta. In bari ne, ko yaya?

Naka,
Direba Mai Fargaba, Dutsin-Ma

Ɗan'uwana Direba,

Allah ya ba Malam Dalhatu lafiya. Ba zan ce maka ba ka da kuskure ba, ka ga shanu ba ka koma ba. Amma ba barci ka je ka yi ba, mai zubar jini ka riƙe, kuma wanda ya shiga kwana a guje da kaya niƙi-niƙi yana da nasa kason. Ɗauki naka kaɗai.

Ka je ka gaya wa Dalhatu yadda aka yi, ku biyu, ba a gaban masu dubiya ba. Watakila ya ji zafi, haƙƙinsa ne. Amma muddin kana ɓoyewa fargabar nan ba za ta sake ka ba.

Batun aiki kuwa, nemi hutun mako biyu tukuna. In ka dawo, kada ka sake barin ganye shi kaɗai ya yi muku gadi. Ba a rasa 'yan kallo a wurin haɗari. Zaɓi magidanta biyu, ka ba kowannensu jan ƙyalle, ɗaya gaba ɗaya baya, taku ɗari biyu daga wurin. Motarka a gefe. Duk mai raunin da zai ɗauku a fitar da shi daga hanya kafin a kwance bandeji. Ba mai durƙusawa sai ka ga masu ƙyalle sun tsaya.

Talatu na da gaskiya, ranka take ji. In bayan hutun ka ga ba za ka iya ba, gona ba abin kunya ba ce. Sai dai ka tuna, in ka miƙa makulli, wanda zai karɓa bai san abin da ka sani ba, kuma wani zai durƙusa a hanya yana dogara da shi. Ni dai na fi so a ce kai ne.

Allah ya kwantar maka da hankali, ya tsare ku a hanya.

Malam Rabo