An Rubuta Ya Ƙi Zuwa

Zuwa ga Sista mai kula da ɗakin wankin ƙoda,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ni ce mahaifiyar telan nan da ake yi wa wanki ranar Talata. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jikoki na koyi karatu. Amma da idona na karanta katinsa, an rubuta "ya ƙi zuwa" har sau biyu. Wa ya ƙi? Mutumin da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga? Mota ɗaya ce ke bin hanyarmu. Talatar farko direba ya samu jigilar siminti, ya shanya mu a bakin titi. Ta biyu motar ta mutu a kan gada, muka yini can yarona yana amai. A goge wannan ƙarya.

Ki huta lafiya.
Mahaifiyar tela

Mama,

Na amsa gaisuwa, ya mai jiki? Injinanmu huɗu ne, masu jira sun haura talatin. Ƙa'ida ce, wanda ya yi fashi sau uku sai a ba wani gurbinsa. Wurin cikewa biyu kawai ke kan katin, "ya zo" da "ya ƙi zuwa". Ku iso Talata kafin ƙarfe takwas.

Allah ya ƙara sauƙi.
Sista

Sista,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wanda ya tsara katin nan da gani yana da motar kansa. Jiya na sami direban a gareji, na tambaye shi ko zai zo Talata. Ya ce in Allah ya yarda, yana sakace haƙori. 'Ya'yan ɗana biyu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Me zan ce musu, direba ne ya ƙi, aka rubuta ubansu?

Mahaifiyar tela

Mama,

Na soke rubutun da biro, na sa "mota ba ta zo ba". An yi mini faɗa a ofis, kuma fashin yana nan biyu. Ranar Talata zan riƙe masa gadonsa har ƙarfe goma. Iyakacina ke nan.

Sista

Sista,

Ina kwana. Yau Talata, a kan gwiwata nake rubutu, a bakin titi, tara ta wuce, mota ba ta zo ba. Mai kai ƙwai kasuwa ne zai miƙo miki wannan, a babur yake. Mun gwada ɗora yarona a bayansa, jiri ya ɗebe shi, muka sauke. Takarda dai tana iya hawa babur. In ta riga mu isowa, kada ki ɗauki biro tukuna.

Mahaifiyarsa