Dokar Jefa Kwabo

Ƙanena Kobina,

Shekaruna tamanin da ɗaya, kada wanda ya tausaya mini. Yaya iyali, yaya ƙafar matarka Araba? Sanyin Toronto bai kayar da ni ba, fita kawai na daina.

Takardar hukumar ƙwallo ta can gida ta iso, suna son in sa hannu. Don an soke wasan ƙungiyarmu ranar da golanmu ya faɗi a fili, za su sauya dokar da na rubuta musu: kwabo za a jefa, a fitar da mai zuwa zagayen ƙarshe. Yaro yana asibiti, gumin shekara yana kan kwabo! Kai ma ka ce, "Yaya, sa hannu a huta." Sunana ba na haya ba ne.

Aiko mini yajin shito. Allah ya tashi kafaɗar yaron.

Takardar kuwa, jiya na mayar musu ba tare da na sa hannu ba, haɗe da lambar yabon da suka taɓa ba ni.

Yayarka,
Ekuwa