Ruwan Injiniya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Kwana saba'in da takwas cikin takaba. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai bayan gida inda tafkin iyon maigidana, Injiniya Mu'azu, yake. Shi ya haƙa shi shekara shida da suka wuce, da likita ya ce iyo zai taimaki bayansa, kuma shi kaɗai yake kula da shi. Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa. Ruwan ya zama kore shar, sauro sun samu gidan haya.

Yaya Tambari, wansa, ya zo ya tsaya a zaure. Daga bayan labule muka gaisa. Ya ce maƙwabta sun kai masa ƙorafin sauro, don haka ranar Lahadi zai turo tifa a cike ramin da yashi. Na ce to. Me zan ce? Ni da ko fuskata ba ya gani.

Talata, 7 ga Mayu

Na samu bokitin kulorin, maganin tsabtace ruwan, a sito, rabi ne. Ban san awo ba. Na juye shi duka, a bushe, kamar mai barbaɗa gishiri a miyar biki.

Laraba, 8 ga Mayu

Koren ya tafi. Amma ruwan ya koma fari kamar tsinkakken koko, ko matakala ta biyu ba na gani. Na samo doguwar sandar nan mai raga na yi ta juyawa har kafaɗuna suka riƙe, wai ko maganin ne bai narke ba. Sai ma ƙaruwa.

'Yata Khairiyya ta kira daga Kaduna. Ta ce in bar wa baffanta ya cike abin kawai, tunda ni ba iyo nake ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Motar Injiniya an kai Wamakko, rigunansa an raba, littattafansa an ba makarantar unguwa. Wannan ramin kaɗai ya rage wanda hannunsa ya yi. In aka binne shi, sau biyu ke nan.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na tono lambar Malam Jelani, dattijon da ke kula da tafkin iyo na wani otal, wanda Injiniya kan saya magani a hannunsa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba zai shigo gidan mai takaba ba, amma in faɗa masa abin da na yi. Da na gama sai na ji yana danne dariya.

"Hajiya, duka bokitin anka zuba? Kuma ana ta motsawa? Ai wanga ruwa hutu shika so."

Ya tambaye ni ko na taɓa shan ruwan gulbi. Na ce ni 'yar Dundaye ce. Ya ce to yadda Innata take yi wa randa, haka zan yi wa wannan: a jiƙa alam a bokiti, a zuba, injin tafkin ya zagaya da shi awa biyu, sannan a kashe. Kada a taɓa sai dauɗar ta kwanta a ƙasa.

Na aika Mariyatu, ƙanwata da ke taya ni zama, ta sayo alam a kasuwa, na jiƙa na zuba kamar yadda ya ce. Na tuna Inna tana juya ɗan dutsen nan sau uku a randa ta rufe da faifai, ta ce duk wanda ya buɗe kafin la'asar sai ta ci masa.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ba abin da ya canja. Na je na duba ya fi sau goma. Hannuna sai ƙaiƙayin sandar yake. Mariyatu ta ɓoye ta a ɗakinta, ta ce ta san halina.

Zafi kamar a bakin murhu. Ba fita, ba ado, ba turare, yanzu kuma ko ruwa an hana ni taɓawa. Na gaji, wallahi na gaji. Na yi kuka bayan azahar, ban san ko don shi ba ne ko don kaina.

Asabar, 11 ga Mayu

Matakala ta uku ta fito. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bayan asuba na leƙa, sai ga tayil ɗin ƙasa, shuɗi, da farar laka kwance a kai kamar an shimfiɗa auduga. Malam Jelani ya koya mini ta waya yadda zan juya makunnin injin, dauɗar ta fita lambu kada ta koma cikin matatar injin. Ya ce in ja tiyon da ke zuƙe lakar a hankali, kamar mai share ɗakin da jariri ke barci. Wuri ɗaya na yi gaggawa, lakar ta tashi, na tsaya na jira ta.

Ƙarfe goma tifa ta iso. Yaya Tambari ya yi sallama a zaure, ya ce a buɗe babbar ƙofa. Na ce ya fara shiga ya duba, ni zan koma ɗaki. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya tambaya wa ya yi aikin. Na ce ni.

"To wa za shi riƙa kula da shi? Mu'azu dai ba shi nan."

Na ce, "Yaya, ni ina nan. A mai da yashin."

Muryata ta fita fiye da yadda na yi niyya. Ya yi gyaran murya, ya ce Allah shi kyauta, na ji tifar tana ja da baya.

Abu ɗaya dai. Awa uku na yi ina jan tiyon nan, kuma Mariyatu ta ce ta jiyo ni ina 'yar waƙa. Ban yarda ba. Amma tun asuba Injiniya bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya, sai da wansa ya ambaci sunansa. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini. Gobe akwai sauran lungun gabas.