Buhun Babanka

Zuwa ga angona mai rowa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a can inda kake, ya sa albarka a aikinka, ya kuma shirye ka ka riƙa tunawa da matarka ta fari, wadda ko sabulu ba ka aiko mata ba. Mu nan sansanin gudun hijira da sauƙi. Tarin kawunka ya lafa, gwaggonka ta sauka lafiya, ni kuma haƙorina na gaba ya bi ɗan'uwansa, don haka in ka zo kada ka ce an canza maka mata.

Ka san nan ranar rabo ita ce babbar rana. Mu yi layi cikin rana, a zuba mana garin masara da wake da mai da ɗan gishiri, kowane kai da ma'auninsa. Mai awon, wanda na sa wa suna Shafe-Baki, yakan bi bakin gwangwani da sanda ya shafe tozon tas, kamar daga gonar kakarsa aka kwaso. Na ce masa in yana neman aure kada ya zo gidanmu. Ya yi dariya, ya ce ba laifinsa ba ne, kayan ne suka ragu daga sama. Gaskiyarsa. Abin da a da yake kai mu ƙarshen wata, yanzu wata na tsakiya muke jin cokali yana kankarar gindin tukunya. To, da babu gara ba daɗi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kai kana can ranar da muka gudu, labari kawai ka ji. Tukunya na kan wuta muka fito. Babanka ya juya zai kwance dabbobi daga turke, ya ce mu yi gaba yana bayanmu, mu ajiye masa nasa. Har yau bai iso ba, ba wanda ya ce ya gan shi, ba kuma wanda ya ce ya binne shi. Innarka ta riƙe wannan magana. Duk sanda za ta ɗora girki sai ta fara dumbuzar wake da gari ta zuba a wani buhu, ta ɗaure, ta jingine shi a kusurwar tanti inda ta shimfiɗa masa tabarma. Masu rabo ba su san da shi ba, don haka daga bakin ƙannenka take cirewa. Buhun ya kai ƙuguna. Auta kuwa wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako, gashinta ya soma ja.

Ƙwari sun shiga buhun. Da azahar, in zafi ya kwantar da kowa, sai ka ji su ciki, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Ka tuna yadda babanka yake tauna, ba ya gaggawa, ina yi masa tsiya cewa raƙumi na haifa? Wallahi haka sautin yake. Shekaranjiya Auta ta kara kunnenta jikin buhun, ta ce mu yi shiru, Baba yana cin abinci. Innarka ta gyara ɗaurin, ta ce da rai da rabo.

Kawunka ya yi mata magana, ta ce shi ba da shi aka yi alkawari ba. Na ce bari in kwance buhun da kaina tana wurin ɗibar ruwa. Na durƙusa, na kama igiyar, sai yatsuna suka ƙi. Ni na goya babanka, angona. Duk wanda ya kwance buhun nan ya ce ba zai dawo ba ke nan, ni kuwa ba zan zama mai faɗar haka ba.

Kai ne babba. Ba na so ka ce wa innarka ya mutu, don ni ma ban yarda ba. Ka aiko mata cewa cin babanka ya dawo wuyanka, ranar da ya iso kai za ka ciyar da shi, su ci wannan kafin ƙwari su gama da shi. Daga bakinka kaɗai za ta karɓa. Kada ka yi mini nawar da ka saba.

Kawunka da gwaggonka suna gaishe ka, da jaririyar da ba ka gani ba. Ka gaida maigidanka na wurin aiki. Auta ta ce in tambaye ka ko can ma ana jin Baba.

Taka har kullum,
Kakarka mai giɓi