Robar da Ta Lanƙwashe

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗan lukutin yaronmu. Ni ma lafiya lau nake a jiki, amma na yi abin kunya, kuma ban da ke ba wanda zan iya faɗa wa.

Kin san an fara kai mu ɗalibai asibiti. Ni ɗakin mata aka tura ni, aka ba ni wata tsohuwa da aka yi wa aiki, aka sa mata robar fitsari. Aikina in riƙa duba ledar da ke rataye a gefen gadonta. A aji ni na fi kowa iya zanen: ƙoda biyu suna tace jini, fitsarin ya gangaro ta siraran bututu biyu zuwa mafitsara, ya taru, sannan ya fita. Malama ta sha gaya mana in hanyar ta toshe, baya yake komawa ya cuci ƙodar. Zane ba ya ba ni wuya, Yaya. Furta kalmar fitsari ce take gagarata.

Jiya na ga ledar ba ta ƙaru ba tun safe. Na sani sarai. Sai ga likitan da ke zagaye, matashi, dogo, mai sanyin murya, irin na littattafan nan da kike ƙwace min. Na daɗe ina shirya maganarmu ta farko a raina, kuma ba da fitsari take farawa ba. Ya tambaya ko akwai matsala, na sunkuyar da kai na girgiza.

Can da rana Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta tarar da tsohuwar tana gumi, mararta ta kumbura kamar ƙwarya. Ashe robar ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarta. Tana miƙe ta ledar ta cika. Sista ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi. An ɗebi jini za a duba ƙodar. Ki taya ni addu'a, kuma don Allah kar Umma ta ji.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Sakamako ya fito, ƙodar lafiya take, alhamdu lillahi.

Amma ban tsira ba. Tsohuwar ta kama hannuna tana ta shi min albarka, wai jikarta mai hankali. Na kasa jurewa, na gaya mata na gani na yi shiru, har dalilin ban ɓoye ba. Ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi. Wai ita ma a ranar tun safe mararta ke ciwo, amma ina za ta iya faɗa wa likita yaro sa'an jikanta maganar fitsari? Ta ce gwara ni, ko ba komai miji nake nema.

Yau da likitan ya zo na faɗi kalmar, na karanto masa awon. Ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Ko ɗago kai bai yi ba. Tsohuwar ce ta ja mayafi ta rufe fuskarta a madadina.

Ki shafa min kan yaro.

Ƙanwarki,
Auta