Harsasan da ke Cikin Libarbata

Daren Talata, Birnin Kebbi

Har yanzu wuyan hannuna yana zogi. Tun da 'yan fashi suka harbi Kofur Sani a hanyar Argungu nake damun Saje Bawa, mai kula da makamanmu, ya karɓi libarbata mai gajeren baki ya ba ni wadda ta fi ta girman harsashi. Yau dai ya gaji da ni, ya ja ni wajen Zauro, ya kafa faifai a jikin tudun yashi don in gwada harbi.

Babbar ya fara miƙo mini. Shurinta ya kusa fizge mini hannu, cikin harbi shida ɗaya kacal ya taɓa faifan. Sannan ya ce in juye masa harsasan tawa a tafinsa. Ya jinjina su ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni.

"Sufeto, wanga mai nauyi na, wanga ko sakwat. Wa yac ce ka gama su wuri guda?"

Wallahi ban taɓa lura ba. Wata uku ina rakiyar motoci da su a haka! Da na gwada su a tawa, masu nauyin suka shiga daidai inda na saita, marasa nauyin suka sauka ƙasa da kusan taƙi guda.

Na ji kunya ƙwarai. Masu nauyin kaɗai zan riƙa sawa, kuma duk Asabar sai na koma wajen faifan nan, ko ana ruwa.

Da yamma na leƙa Sani a asibiti. Ya ce, "Yallaɓai, an ba ka babbar?" Na ce masa a'a, tawa ce dai, amma yau na fara saninta.